Kofin da Aka Turo Gaban Tafinta

Yaran da ke saukowa Guangzhou yanzu, da Sinancinsu na jami'a da waya a hannu, sukan same ni a gindin ginin Tianxiu ina shan shayi, su ce, "Baba Habibu, wai har yau akwai mai ɗaukar tafinta? Ai waya ta kashe muku kasuwa." Nakan ce su jawo kujera. Ba na musu da su cewa waya ta fi ni yawan kalmomi, ba ta gajiya, ba ta tafiya masallaci ranar Juma'a. Amma tafinta tsayawa yake tsakanin mutum biyu, ya tare abin da zai cutar da baƙonsa kafin ya isa gare shi, waya kuwa duk abin da aka zuba mata sai ta juye. Na taɓa raka wani mutum cin abincin rana, ni da shi mun san kofi ɗaya na giya zai iya kai shi kabari, duk teburin kuma sun dage sai ya sha. Labarin wannan aikin nake ba su idan suka ce sana'ar babu wuya.

Ni ma da sayen kaya na shigo garin nan, wanduna da riguna daga kasuwar Canaan, ina kaiwa Kano. Wanda ya sa ni a hanya wani dattijo ne daga Maraɗi, Baba Isufu, mutum gajere mai saurin tafiya, Sinancinsa na cikin kasuwa ne zalla. Aikin farko da na bi shi, ya raka wani Alhaji ne masana'antar silifa. Alhaji ya taya kaya tayin wulaƙanci. Lawban, wato maigidan masana'antar, ya jefar da kalkuleta a kan tebur ya ce wannan mutum ɓata masa lokaci ya zo yi, ya je ya sayi na bola. A lokacin na fara jin yaren, na gane abin da ya faɗa. Baba Isufu ko gezau bai yi ba, ya juya ya ce, "Alhaji, ya ce hwarashin roba ya tashi bana, ka ɗan motsa kaɗan." Alhaji ya motsa, aka yi ciniki, aka ɗauki hoto ana dariya.

Da muka fito na ce, "Baba, ai ba abin da ya faɗa ke nan ba." Ya ce, "Kai Bakano, mi Alhaji ya zo nema, silifa ko zagi? Silifa na ba shi."

Kayan aikina ba su da yawa. Waya biyu, abin caji, tef na awo, 'yar dardumar sallah mai ninkuwa, da kwalin taba mai tsada wanda ban taɓa zuƙar ko kara ɗaya daga cikinsa ba. Wannan kwalin yaran suke wa dariya. A masana'anta kafin a ce komai sai an miƙo taba, kuma da hannu biyu. Ba a cewa a'a. Za ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye ta kusa da farantinka, kai ma ka miƙa taka. Shi ke nan an gaisa. Giya ta fi wuya, don a wurinsu ciniki ba ya nuna sai an zauna an ci an sha, kuma abin da suke sha wata farar giya ce mai suna baijo, warinta kaɗai yana hawa kai. Mu dai Allah ya rufa mana asiri da kalma ɗaya. Da na ce baƙona Musulmi ne sai a kawo shayi, ya ɗaga kofinsa ƙasa da na mai gida kaɗan don girmamawa, a wuce wurin. Shekara da shekaru da wannan nake fitar da Alhazai daga tebur lafiya, har na ɗauka na gama sanin aikin.

Sai aka shiga mummunar shekara, bayan annoba. Jirage sun yi ƙaranci, biza ta yi wuya, mutanen Kano da Maraɗi da Yamai suka daina zuwa. Shaguna a Tianxiu suka koma kwaɗo a rataye, hawa guda ka bi ba ka ji ana Hausa ba. Kwantenar da ke tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu ma ta bidiyo ake cinikinta. Baba Isufu ya tattara ya koma gida. Ni da na zauna, duk wanda ya zo da Turanci a bakinsa baƙona ne, ko daga ina yake.

A haka na samu wani Bature ɗan ƙasar Ireland, dogo, mai furfura, yana sarin rigunan ruwa da laima, don a cewarsa garinsu ruwan sama ba ya hutu. Sunansa Dekilan, bakin mutanenmu ya gaza, suka mayar da shi Dikko, shi kuma yana amsawa. Mutum ne mai barkwanci, ba ya iya rufe magana sai da wasa. A unguwar Xiaobei yake cin abinci tare da mu, ya koyi cin tuwo da hannu, yana ƙona yatsu yana ƙorafi. Abin da ya kawo shi wannan karon babba ne a wurinsa: yana so wata masana'anta da ke bayan gari ta ba shi wakilcin kayanta a ƙasarsu shi kaɗai. Shagonsa ya kusa durƙushewa a shekarun annoba, wannan wakilcin ne abin da ya rage masa.

Ana gobe za mu je, muna cikin tasi, sai ya daina wasa. Ya ce, "Habibu, akwai abin da ya kamata ka sani. Na sha giya a ƙuruciyata har ta cinye min hanta. Na daina shekaru da yawa. Likita ya ce jijiyoyin maƙogwarona sun kumbura, in na sake sha za su iya fashewa, in sun fashe kuma ba lallai a kai ni asibiti da rai ba. Na yi wa 'yata alkawari kafin ta bar ni na hau jirgi."

Na ce, "To ai da sauƙi, sai mu gaya musu."

Ya ce, "A'a. Babu mai ba mara lafiya wakilcin shekaru. Wannan tsakanina da kai ne." Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Tun daga wannan tasi tsoro ya shige ni, don na san teburin da za mu zauna.

Shi ne ya fara gaya min bala'in da ke bin 'yan ƙasarsu. Ya ce duk inda ya sauka a duniya, da an ji daga inda ya fito sai wani ya zaro waya ya nuna masa jadawalin ƙasashen da suka fi shan giya, ga tasu can sama. Ya ce ba ya musun akwai mashaya a garinsu, shi kansa shaida ne. Amma ka tambaya yadda aka yi lissafin. Wani ya tara duk kwalaben da aka sayar ya raba da yawan mutane, har da abin da 'yan yawon buɗe ido suka sha, sai a ɗora wa tsohuwar da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba rabonta. Wani ya tsaya a ƙofar mashaya da takarda yana tambayar wa ke shan taba, alhali masu taba ne kaɗai ke tsaye a waje, don an hana sha a ciki. Wanda aka tambaya gaban abokansa ya ƙara don burga, wanda aka tambaya gaban likita ya rage don kunya. Wani jadawalin kuma tun zamanin da yake saurayi aka yi shi, har yau yana yawo a waya ba kwanan wata a jikinsa.

Na ce masa wannan ai na gane. Da wani zai shigo Tianxiu da takarda ya tambayi mutanenmu wa ke shan taba, zai koma ya rubuta cewa babu ko ɗaya, don Bahaushe ba ya amsa wannan gaban ɗan garinsu. Sai dai kada ya bi ta matakalar baya ya ga guntayen da ake sharewa kullum da safe. Dikko ya yi dariya ya ce, "Ku lissafi ya wanke ku, mu ya shafa mana."

Na yi abin da ake yi. Na kira ofishin masana'antar tun da yamma na ce baƙona yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda haƙori. Wannan uzuri ne mai ƙarfi a garin nan, kowa ya san ba a haɗa irin maganin da giya. Suka ce ba damuwa. Da safe na sake kira na tuna musu.

An gama zagaya masana'anta kafin azahar, Dikko ya ja ɗinki, ya watsa wa riguna ruwa, ya gamsu. Aka kai mu wani ɗaki a gidan abinci mai zagayayyen tebur da faifai mai juyawa a tsakiyarsa. Lawban ɗin wannan masana'anta mutum ne mai ƙiba da fara'a, ya zo da manyan ma'aikatansa. Taba ta zagayo, muka karɓa muka ajiye. Sai na ga an shigo da kwali ja, an buɗe, ga kwalbar baijo irin wadda ake ajiyewa don babban baƙo. Na miƙe na yi godiya, na maimaita maganar haƙori da magani. Lawban ya gyaɗa kai kamar ya yarda, har an fara zuba wa Dikko shayi.

Sai ya zaro wayarsa, ya juyo da ita. Jadawalin ne, da 'yan tutoci, ga ta Ireland a sama. Ya ce tun da ya ji daga inda baƙon zai zo ya yi bincike, shi ya sa ya fito da kwalbar da ya ɓoye tun bikin ɗansa. Ya ce ya sha da Rashawa, ya sha da Koriyawa, yau yana so ya gwada kansa da zakaru. Ya danna manhajar fassara, ya kwantar da wayar a tsakiyar tebur, wai don baƙo ya ji daɗi.

Dikko ya dubi jadawalin. Da ya yi shiru da mun tsira. Amma mutumin da ya saba rufe kunya da wasa ba ya iya shiru. Ya ce da Turanci, "Ai wannan layin rabinsa ni kaɗai na gina shi." Ni da zan fassara, da na ce ya yaba da binciken lawban. Kafin na buɗe baki wayar ta faɗa da Sinanci, da muryar nan tata ta mace mai sanyi. Tebur ya fashe da dariya da tafi.

Lawban ya dube ni, fara'ar ta ragu. Ya gutsure sunana yadda ya saba, ya ce, "Habi, kai Musulmi ne, ba ka sha, na girmama wannan. Amma kada ka sa addininka a bakin baƙona. Shi bai ce min haƙorinsa na ciwo ba. Kai ka faɗa." Ya cika ƙaramin kofi ya ajiye gaban Dikko.

Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kalmar da na yi shekaru ina kare baƙi da ita, ita ce yau ta sa ba a yarda da ni. Na so in raɗa wa Dikko ya bar ni in faɗi maganar hanta, amma waya na kwance tana saurare. Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, na ɗora hannu a gefen cikina na dama ina dubansa. Ya gane, ya girgiza kai a hankali. Da bakinsa ya ce wa lawban gaskiya ne yana shan magani, ya nuna muƙamuƙinsa. Lawban ya ce ƙaramin kofi ba ya kashe ɗan Ireland, ga shi a rubuce. Ya ce mutumin da ba zai sha kofi ɗaya da shi ba, ta yaya zai damƙa masa sunan masana'antarsa a wata ƙasa?

Abinci na juyawa a kan tebur babu mai taɓawa. Na kawo uzurin jirgi, na kawo na hawan jini, na ce a garinsu ba a sha da rana. Kowanne lawban ya ture shi da yatsa ɗaya a kan waya. Zufa ta jiƙa min riga ga na'urar sanyi tana aiki.

Akwai wata al'ada tasu da na sani amma ba ta taɓa faɗo min ba, don a da baƙina duk Musulmi ne. Idan babba ba zai iya sha ba, yaronsa yana iya shanye masa, mutuncin mai gida ya tsira. Wani dattijo cikin ma'aikatan, da nufin gyara, shi ya kawo ta. Ya ce, "In baƙo ba shi da lafiya, mutuminsa ya karɓar masa." Lawban ya yi murmushi, ya sa yatsa biyu ya turo kofin a hankali har ya tsaya gabana. Ya ce, "To, Habi. In gaskiya ka faɗa, ka cece shi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ina jin warin abin yana shiga hancina. Na san in ban ɗauka ba kofin zai koma inda ya fito, na kuma san abin da ke cikin maƙogwaron mutumin da ke gefena. Na tuna ban yi azahar ba tukuna, da alwalata ma nake zaune. Hannuna na kan tebur kusa da kofin, kuma har yau ban san abin da zai yi ba da an ƙara min ɗan lokaci.

Dikko bai ji Sinanci ba, amma waya ta fassara masa komai. Ya dubi kofin, ya dubi fuskata. Ya miƙo dogon hannunsa ta gabana ya ɗauke. Ya ce, "Wannan mutum bai taɓa sha ba tun da aka haife shi, ba kuma a kaina zai fara ba." Na riƙe masa hannun riga na ce, "Dikko, 'yarka." Ya ce, "Ɗaya ne kawai, Habibu." Ya miƙe tsaye, ya sauke kofinsa ƙasa da na lawban yadda na koya masa, ya shanye.

A teburin nan babu ɗaya kawai. Wanda ya sha da mai gida dole ya sha da mataimakinsa, in ba haka ba ya raina shi, daga nan sai na kusa da shi. Kuma na ga idon Dikko ya sauya tun daga kofin farko, hannunsa ya daina jira a cika masa. Na yi ta tashi ina zama, ina tura masa shinkafa, ina cewa mota na jira. Aka sa hannu a yarjejeniya a kan teburin, tsakanin ƙasusuwan kifi. Lawban ya rungume shi ya ce lissafi bai yi ƙarya ba.

A kan babbar hanya, muna komawa gari wajen la'asar, ya ce direba ya tsaya zai yi amai. Bai kai ga buɗe ƙofa ba. Abin da ya fito jini ne, baƙi-baƙi da ja, ya cika min cinya da tafin hannu. Na tallafe kansa ina yi wa direba ihu da duk yaren da ya zo bakina. Yana ta cewa in yi haƙuri da ya ɓata min kaya.

A asibiti aikina bai ƙare ba. Likita ya tambaya ko ya sha giya, na ce ya sha. Ya tambaya ɗan wace ƙasa ne, na faɗa. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yi mamaki ba. Na ce masa mutumin nan ya yi shekaru bai kusanci giya ba sai yau, ya ce to, suka tura gadonsa zuwa ciki. Sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan na shaida. 'Yan sanda suka zo, yadda ake yi idan baƙo ya faɗi, suka tambaye ni wa ya kai shi, wa ya zuba, me ya sa ni ban sha ba. Baƙon ƙasa a hannun baƙon ƙasa, ga jini a rigata, na ɗauka daga nan sai filin jirgi. Suka bar ni na tafi, suka ce kada in bar gari.

'Yarsa ta iso yana kwance da robobi a hanci, bai san wanda ke kansa ba. Mace ce mai kama da shi, doguwa, ba ta yi kuka a gabana ba. Ni nake fassara mata abin da likitoci suke faɗa, kullum maganar tana ƙara gajarta. Bai kai Juma'a ba ya cika.

Ranar da muka je karɓar takardun gawa sai ga lawban da kwandon 'ya'yan itace, idonsa ya yi ja, ba na shakkar abin ya taɓa shi. Ya sunkuya wa yarinyar. Sannan ya juyo gare ni ya ce a hankali, "Abin tausayi. Amma ka gani ai, haka mutanen ƙasarsu suke, ba sa iya tsayawa."

Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Yana miki ta'aziyya, Madam. Ya ce mahaifinki mutumin kirki ne."

Ta gode masa, ya tafi. Muka zauna a kan benci a barandar asibitin, kwandon na tsakaninmu. Ta juyo gare ni ta ce, "Mista Habibu, kana wurin. Ya halarci bikina bai sha ba. Ya binne mahaifiyata bai sha ba. Me ya sa ya ɗauki wannan kofin?"

Na waiga, don na saba idan aka yi tambaya akwai wanda zan juya wa ita. Babu kowa a barandar sai ni.

Na ce, "Madam, ba a gabansa kofin yake ba. A gabana yake."